Ba Sukari

Ruwan Sheffield ba ya sallama.
Tun asuba yake tsaye a ƙofa kamar mai bin bashi.
Na hau bas da katin tafinta a wuyana,
Zinatu, yau dai sun rubuta sunan daidai.

Hawa na uku, gado na bakwai.
Malam Barau a zaune, hular ulu a ka,
ƙafar hagu a naɗe da bandeji har ƙwauri.
Shekara talatin yana tuƙa tasi a garin nan,
amma ya ce Turancin asibiti ba na titi ba ne,
shi a gaya masa da harshen da ya sha a nono.

Likita Ashworth ta jawo kujera ta zauna.
In sun zauna, na riga na sani.
Ta rufe fayil, ta ɗora hannu a kai,
ta faɗi abin da nake ji kusan kowane mako:
ba zan shafa wa maganar sukari ba.

Haka suke cewa.
Daga ƙwayar magani suka aro ta,
wadda ake sa wa riga mai zaƙi
don ta wuce maƙogwaro kafin harshe ya farga.
Manaja na shafawa in zai sallami ma'aikaci.
Malamar ajin ɗana ta shafa min a bara,
wai yaron yana da kuzari sosai,
wato ya hana kowa sakat.
Amma an fi jin ta da "ba" a gaba,
gargaɗi ne kafin mari:
gyara zama, ga ta nan tafe ba riga.

Yatsu biyu, in ji ta. Ranar Alhamis.
In an jinkirta, har idon sawu.

Sai ɗakin ya juyo yana kallon bakina.

Mu ma ai muna da namu tulun zuma.
Jiki da jini. Sai a hankali. Da sauƙi.
Ranar da aka kira ni daga Gusau
cewa aka yi jikin Inna ya ɗan motsa,
in da hali ki zo,
ashe masu kai ta har sun dawo sun wanke ƙafa.
Na yi fushi shekara biyu.
Ga ni yau ina buɗe baki:
Baba, ta ce ƙafar tana son ɗan aiki.

Ya dube ni ta saman tabarau.
'Yar nan, na ji sukari a bakinta.
Wannan kalmar ko a cikin barci na san ta.
Me ta ce a kan sukari?

Na fassara masa, kalma bayan kalma.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
nas ta leƙo ta labule.
Ce mata ta kyauta.
Ai shi ya kawo ni nan.
Shekara goma sha biyu an hana ni shi a shayi,
sai ke za ki zuba min a kunne?

Na faɗa masa. Biyu. Alhamis. Idon sawu.
Ba ta yi nauyi a bakina yadda na zata ba,
ɗacin ne dai ya zauna a dasashi.

Ya daɗe yana kallon bandejin.
Saura takwas ke nan, ya ce.
Tambaye ta, da takwas ana taka kuloci?
Likita ta yi shiru, ta ce ba ta sani ba tukuna,
na juya masa wannan ma yadda ta zo.

Ina sa rigar ruwa a bakin ƙofa
wayarsa ta yi ƙara, ƙaninsa ne daga Funtuwa.
Na ji shi ya gyara murya, ya ƙara mata mai:
Da sauƙi. Wallahi da sauƙi.
Ɗan aiki ne za su yi.